Daga Gwanja Zuwa Bakin Teku: Yadda Akan, Ga da Guan Suka Sarƙe da Juna

Tun kafin a raɗa wa wata ƙasa suna Ghana, Bahaushe ya san Gwanja. Can ayarin fatake ke dosa da jakunansu, ɗauke da kanwa da rigunan Kano da jar fata, su yi watanni a hanya, su komo da huhunan goro. Salaga ce matattarar cinikin, goron kuwa daga kurmin Asante yake fitowa, wato mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Abin da bai cika zuwa kunnenmu ba shi ne, harshen 'yan Gwanja ɗan'uwa ne na jini ga harshen masuntan Winneba, wani gari da ke can bakin teku, yamma da Akra. Duka biyun harsunan gidan Guan ne. Tsakanin wuraren nan biyu tafiya ce mai nisa, kuma kusan duk inda ka yada zango a hanyar, harshen Akan za ka ji, ba na Gwanja ba, ba na Winneba ba. Ta yaya 'yan ɗaki ɗaya suka rabu haka, har wasu suka shiga tsakaninsu suka kafa gari?

Ƙidayar 2021 ta nuna Ghana na da mutum miliyan 30.8. A cikin 'yan ƙasa, Akan ne kashi 45.7 cikin ɗari, ƙabilar Ga ta Akra da 'yan'uwansu Dangme kashi 7.1, Guan kuma kashi 3.2 kacal. Mai duba alƙaluman nan zai ɗauka ƙabilu uku ne, kowacce da katangarta. Ni ba haka nake kallonsu ba. Mutane ne da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna aro a hannun juna, kuma aron ba a hagunce yake ba, yana da alƙibla. Salon sarauta da na yaƙi daga Akan ya bazu zuwa ga sauran biyun. Amma wuraren bauta masu kwarjini, waɗanda sarakunan Akan da kansu ke jin tsoro, da yawansu na Guan ne, su da suka fi kowa ƙarancin jama'a.

Ta fuskar harshe, Akan da Guan sun fi kusa da juna. Masana sun sa su a reshe guda da suka laƙaba wa sunan kogin Tano, Ga da Dangme kuma reshensu daban, ko da yake duka ukun suna cikin babban gidan da ake kira Kwa. Ƙirga ma ta isa shaida. Huɗu a Twi, wato harshen Akan, anan ne, a harshen Gwanja ana, a Ga kuwa ejwe. Shida a Twi nsia, a Gwanja ashe, a Ga ekpaa. Sunan sarki shi ma gida uku ya rabu. Akan na cewa ohene, shi ya sa ake jin Asantehene. Ga na cewa mantse, wato uban gari. Guan na arewa kuma wura suke cewa, kamar Yagbonwura na Gwanja da Krachiwura.

Akan taron al'ummu ne, ba ƙabila guda mai sarki guda ba. A cikinsu akwai Asante, Fante, Akyem, Kwahu, Bono, Denkyira da Akwamu, akwai Nzema da Sefwi a yamma, har a tsallaka Kodebuwa inda Baule da Anyi suke. Mai jin Twi na Asante da mai jin Twi na Akuapem da Bafante suna fahimtar juna kamar Bakano da Basakkwace. Nzema da Baule sun yi nisa, sai an koya.

Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne dangantaka ta wajen uwa, kuma nan ne Bahaushe ke yawan ruɗewa. Yaro ɗan dangin uwarsa ne, dangin da suke kira abusua. A Asante manyan dangogin takwas ne, cikinsu har da Oyoko, gidan da ke fitar da sarkin Kumasi. Ba a aure cikin abusua guda ko da garuruwan sun yi nisa. A tsohuwar al'ada, idan mutum ya rasu, ɗan'uwansa na ciki ɗaya ko ɗan 'yar'uwarsa ne ke gadonsa, 'ya'yan cikinsa kuwa wurin kawunsu suke sa ido. Tsarin ya yi aiki a zamanin da gona ta dangi ce. Da koko ya shigo, mutum ya sare daji tare da matarsa da 'ya'yansa, sai ya zama abin kuka, domin ana kai shi kabari sai dangi su karɓe gonar. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta kafa dokar gado ta 1985, wadda ta ware wa mata da 'ya'ya kaso mai tsoka idan mamacin bai bar wasiyya ba. Karaga dai har gobe ta wajen uwa take bi.

A fahimtarsu, mutum haɗin abubuwa ne. Jini, mogya, daga uwa. Wani ruhi na hali da tarbiyya, ntoro, daga uba. Sai okra, kurwar da ke zuwa kai tsaye daga Mahalicci, wadda ke ɗaure da ranar da aka haifi mutum. Daga nan sunayen rana suka fito: Kwasi da Akosua na Lahadi, Kwadwo da Adwoa na Litinin, Kwabena da Abena na Talata, Kwaku da Akua na Laraba, Yaw da Yaa na Alhamis, Kofi da Afua na Juma'a, Kwame da Ama na Asabar. Kofi Annan Ɗanjuma ne ke nan. Mu ma muna da Ladi da Talatu da Asabe, sai dai namu laƙabi ne, nasu kuwa sunan kurwa ne.

A ƙolin addininsu akwai Nyame, ko Onyankopon, Mahalicci, wanda ba a sassaƙa masa gunki. Suna da karin magana cewa ba a nuna wa yaro Allah. Ƙasa kuma Asase Yaa ce, kuma saboda ita manomin Asante na gargajiya ba ya sa fartanya a gona ran Alhamis. Ƙarƙashin Nyame akwai abosom, iskokin da ke zaune a koguna da tafkuna da duwatsu, irin su kogin Tano da tafkin Bosomtwe. Kowanne yana da okomfo, namiji ko mace, wanda iskan ke hawa ya yi magana ta bakinsa. Wanda ya taɓa ganin hawan bori zai gane fasalin. A nan nake ganin kalmarmu ta tsafi tana gajarta mana tunani, domin tana tattara komai a buhu guda. Su a wurinsu obosom daban, suman daban. Na farko mai rai ne da ke zaɓar wanda zai yi masa hidima. Na biyu abin hannu ne, kambu ko laya, da ake saye. Cikin layun da sarakunan Kumasi suka fi darajantawa ma har da rubutun malaman Musulmi, waɗanda ake ɗinkawa a jikin babbar rigar yaƙi, batakari.

Amma gishirin addinin Akan a wurin magabata yake. Sarkin da ya yi mulki nagari, idan ya rasu, ana shafe kujerarsa da kunkunniya da ƙwai har ta yi baƙi, a ajiye ta a ɗaki na musamman. Kalandarsu tana zagayowa duk kwana 42, kuma a kowane zagaye akwai ranakun Adae biyu, Akwasidae ran Lahadi da Awukudae ran Laraba. A ranar sarki kan shiga ɗakin kujeru, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa, ya zare takalmi, ya miƙa wa magabata abinci da abin sha yana kiran sunayensu. Shi ya sa sarautar Akan ba ta rabuwa da ibada. Sarki ba mai karaga ba ne, mai riƙo ne. Ohemaa, wadda uwarsa ce ko innarsa ko 'yar'uwarsa, ba matarsa ba, ita ke gabatar da sunansa, masu zaɓe su amince. Idan ya kauce, sai a zare masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa, mulkinsa ya ƙare.

Kujerar Zinariya ta Asante, Sika Dwa Kofi, ita ce uwar duk kujerun. Ruwaya ta ce babban okomfo mai suna Anokye ne ya saukar da ita daga sama ran Juma'a a gaban Osei Tutu, a zamanin da garuruwan Asante ke haɗa kai don kawar da Denkyira, abin da suka cimma a yaƙin Feyiase na 1701. Ba a zama a kanta, domin ruhin al'umma ne a ciki. Da gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa ita ya zauna a 1900, sai Yaa Asantewaa, ohemaa ta Ejisu, ta ja mutane zuwa yaƙi. An kama ta aka kai ta tsibirin Seshel inda ta rasu a 1921, amma kujerar ba ta shiga hannun Turawa ba.

To, wane ne Anokye? Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce a Awukugua aka haife shi, a kan tsaunukan Akuapem. Awukugua kuwa garin Guan ne. Wato mutumin da ya ba daular Akan mafi girma abin da ta fi ji da shi, daga wajen ƙaramar ƙabilar nan ya fito. Wannan ba tsautsayi ba ne, haka abin yake maimaituwa wuri bayan wuri.

Idan ka shimfiɗa taswira ka yi wa garuruwan Guan alama, za ka ga kamar baka. Ta taso daga Gwanja, ta bi kogin Volta ta kan Nawuri da Nchumburu da Krachi da Nkonya da Anum, ta hau tsaunukan Akuapem wurin Larteh da Kyerepon, ta sauka teku a Awutu da Senya da Efutu na Winneba. Ruwayoyin maƙwabtansu da dama sun yarda cewa sun tarar da su a wurin. Zamansu na ƙananan garuruwa ne, kowanne na cin gashin kansa, shugaban gari kuma shi ne mai kula da wurin bauta. Gado ta wajen uba yake bi. Ba su tara rundunar yaƙi mai tsari ba. Da daulolin Akan suka sami bindiga daga Turawan bakin teku a ƙarni na 17 da na 18, suna biya da zinariya da bayi, sai suka ratsa tsakiyar ƙasar suka tura masu gari gefe, ko suka haɗiye su.

Akuapem ce wurin da ake ganin wannan ƙuru-ƙuru. Garuruwan Guan na kan tsaunin sun sha wuya a hannun Akwamu, suka nemi agajin Akyem. A 1730 aka karya Akwamu. Shekara uku bayan haka, a 1733, aka ƙulla alkawari a Abotakyi, inda garuruwan suka karɓi basarake daga gidan Akyem ya zama shugabansu, ya zauna a Akropong. Daga nan aka jera su bisa tsarin rundunar Akan, dama da hagu da tsakiya, aka ba su kujeru da tambura, aka raba sarauta da aikin bauta waɗanda a da suke hannu guda. Yau idan ka bi hanyar da ke kan tsaunin za ka wuce garuruwa iri uku a tafiyar da ba ta da nisa. Akropong da Amanokrom masu Twi ne, masu gado ta wajen uwa. Larteh da Abiriw da Adukrom da Awukugua suna riƙe da harshen Guan da gado ta wajen uba. Sai Mamfe da Tutu da Obosomase, waɗanda suka saki harshen suka koma Twi, amma gadonsu yana nan ta wajen uba. Waɗannan na ukun sun fi ba ni sha'awa, domin sun nuna cewa harshe ya fi saurin sauyawa a kan tsarin dangi. Ba kuma a ce tsohon miki ya warke sarai ba. A 1994 rikici ya ɓarke tsakanin Abiriw da Akropong, manyan sassan ƙasar suka janye mubaya'arsu na tsawon shekaru.

Mai karatun tarihin Kano ba zai yi mamaki ba. Bagauda ya tarar da mutanen Dala, sarauta ta koma hannun baƙo, Tsumburbura kuwa ta daɗe a hannun masu gari. Baƙo na iya cin ƙasa da yaƙi, amma bai san sunayen iskokin da ke cikinta ba, dole ya nemi wanda ya sani.

A Larteh akwai wurin bautar Akonedi, inda masu neman zama okomfo ke zuwa daga sassan ƙasar Akan su yi shekaru suna koyo, har da baƙaƙen fatar Amurka masu neman tushensu. Dente, abin bautar Krachi, ya fi shi tarihi mai zafi. A kogo yake, kuma sarakunan Asante kan aika a tambayo shi a kan manyan al'amura. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante ya raunana, mai kula da Dente ya zama tamkar sarki a gabashin ƙasar, garuruwan da suka ɓalle suna fakewa a inuwarsa. A nan labarinmu ya sake haɗuwa da nasu. Dab da Krachi akwai Kete, zangon fatake, wanda ya cika ya batse bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa. Zaman bai yi daɗi ba tsakanin fataken da mai kula da Dente, kuma a 1894 Jamusawa suka kashe shi. A wannan garin ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Hausa da Larabci, ya zauna ya yi limanci har ya rasu a 1934. Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta haifar da tafkin Volta, ta tashi mutum wajen 80,000, kuma ƙasar Guan na cikin wuraren da ruwan ya fi ci.

A Winneba, ran Asabar ta farko a watan Mayu, ana bikin Aboakyer. Ƙungiyoyin mayaƙa biyu, Tuafo da Dentsefo, kan shiga daji da sassafe ba bindiga, su yi rige-rigen kamo mazo da ransa. Waɗanda suka fara dawowa da shi a kafaɗa su kai gaban sarki, ya taka shi, washegari a miƙa wa Penkye Otu, abin bautar garin. Ruwayarsu ta ce da mutum ake bayarwa, aka roƙa ya koma damisa, da ta yi ta kashe mafarauta aka sake roƙo ya koma mazo. Dubi yadda abin ya cakuɗe: abin bautar na Efutu ne, tsarin ƙungiyoyin da ake kira asafo irin na maƙwabtansu Fante ne, sunan bikin ma da harshen Akan yake.

Gwanja ce ta fita daban, domin ita kaɗai ce babbar daular masu harshen Guan, kuma ko ita mahayan dawaki ne daga ƙasar Mali suka kafa ta a ƙarni na 16. Sunan Ndewura Jakpa ne ya fi fice a ruwayar faɗaɗa ta. A nan masu cin ƙasa ne suka saki harshensu suka ɗauki na waɗanda suka tarar. Al'ummar ta kasu uku: gidan sarauta, malamai Musulmi, da talakawa masu kula da wuraren bautar ƙasa. Sarkinsu a kan fata yake zama, ba kujera ba. Shugaban ƙasa John Dramani Mahama ɗan wannan gida ne, daga Bole.

Su kuwa Ga, ruwayoyinsu sun ce daga gabas suka zo, rukuni bayan rukuni, suka tarar da wasu mutane da ake kira Kpeshi a filayen Akra, masu harshe dangin Guan. Babban birninsu Ayawaso ne, nesa kaɗan da teku, har Akwamu suka rushe shi a 1677 a zamanin Okai Koi. Waɗanda suka tsira suka taru a gindin ganuwoyin Turawan Holan da Ingila da Denmak. Garuruwansu shida ne a jere a gaɓa: Ga Mashie, Osu, La, Teshie, Nungua da Tema. Sunan birnin ma daga bakin Akan ya fito, Nkran, wato tururuwa, wanda Turawa suka mayar Akra, tsofaffin fatakenmu kuma Ankara. Asalin shugabannin Ga masu hidimar bauta ne da ake kira wulomo. Kujerar mantse da tambura da asafo duk a wurin Akan suka gani suka ɗauka, saboda zamanin yaƙi da ciniki da Turawa yana bukatar wanda zai fita fage, wulomo kuwa ba ya ganin jini. Cikin unguwanni bakwai na Ga Mashie, Otublohum tushenta na Akan ne, Alata kuma zuriyar ma'aikatan da Turawan Ingila suka kawo ne daga gaɓar gabas. Zama Ga bai tsaya a jini ba, ya haɗa da shiga gida da karɓar al'ada.

Duk da aron, sun riƙe nasu. Dangantaka ta wajen uba take, gidan uba kuma we ake ce masa. Sunan yaro yana faɗin gidansu da matsayinsa a jerin haihuwa, yadda da jin Dede ka san 'yar fari ce, Korkor kuma mai bi mata. Ga suna kaciya tun asali, alhali Asante na da ba sa yi, har ma mai tabo a jiki ba ya hawa kujera. Da al'adar ta yaɗu a ƙasar Akan, Hausawa ne suka riƙe askar, shi ya sa har yau a Ghana wanzam ake kiran mai wannan sana'a.

Mahalicci a wurin Ga Nyonmo ne, suna kiransa Ataa Naa Nyonmo, suna haɗa kiran uba da na uwa. Ƙarƙashinsa akwai jemawoji, kuma manyansu a Akra na ruwa ne: Nai na teku, Sakumo da Korle na fadamun bakin teku. Wulomo farin tufa yake sawa, shi ke zuba abin sha yana addu'a, amma iska ba ta hawansa. Wannan aikin woyei ne, mata galibi. Masunci na gargajiya ba ya shiga teku ran Talata.

Babban bikinsu Homowo ne, ma'ana yi wa yunwa ihu, tunawa da wani fari da suka sha a dā, wanda yalwa ta biyo baya. A watan Agusta zuwa Satumba, gari bayan gari, ana turara garin masara a cuɗa da manja, a kira shi kpokpoi, a ci da miyar kwakwar manja da kifi. Sarki da masu gida su bi lungu suna yayyafa shi don magabata. Washegari a bi dangi ana gaisuwar sabuwar shekara, ana sasanta waɗanda suka ɓata. Amma shirin tun watan Mayu yake farawa, lokacin da wulomo ke shuka hatsi a gonar bauta. Daga ranar sai a hana kiɗa da hayaniya na wata guda. A ƙaramin garin masunta wannan ba abin gardama ba ne. A birnin da ya zama hedikwata tun 1877, mai miliyoyin baƙi, ya zama rigima. A ƙarshen shekarun 1990 an yi arangama tsakanin matasan Ga da wasu majami'u masu kiɗa, aka ƙwace ganguna, aka ji raunuka. Yanzu hukumar birnin ce ke fitar da sanarwa kowace shekara, tana hana sa lasifika a wajen majami'u da masallatai da wuraren shaƙatawa, wato har mutanen Nima da Sabon Zango abin ya shafa. A ganina masu cewa ibadarsu 'yancinsu ce suna da hujja. Haka su ma Ga, da suka ba baƙi filin zama, cikinsu har da zangunan Hausawa, suka wayi gari su ne tsiraru a garin kakanninsu. Wata guda na sassauta murya shi ne kusan abin da ya rage da ke tuna wa mazauna Akra cewa garin yana da masu shi.

A ƙidayar 2021, kashi 71.3 na mutanen Ghana Kirista ne, kashi 19.9 Musulmi, masu cewa addinin gargajiya suke bi kashi 3.2 ne kawai. Kada adadin ya ruɗe ka. Sarkin da ke zuwa coci shi ne dai ke shiga ɗakin baƙaƙen kujeru ran Akwasidae, domin in bai shiga ba, ba sarki ba ne. Tambayar ƙidaya amsa ɗaya take karɓa, rayuwar mutane kuwa ta fi haka faɗi.

Inda na fi jin damuwa shi ne harshe. Twi na ta mamaye kasuwa da rediyo da tashar mota, har a tsakiyar Akra. Ga dai tana da rubutu tun zamanin mishan na Basel, waɗanda suka fitar da Baibul da ita a 1866, kuma ana koyar da ita a makaranta. A cikin harsunan Guan kuwa, na Gwanja ne kaɗai ke cikin goma sha ɗaya da gwamnati ke buga littattafai da su. Yaron Larteh Twi yake karantawa a aji, yaron Winneba kuma Fante. Abin mamaki, a daidai lokacin da harsunan ke ja da baya, sunan Guan ƙarfi yake ƙarawa a siyasa. Gundumar Guan da aka kafa a 2021 a yankin Oti ta ƙunshi Santrokofi da Akpafu da Likpe da Lolobi, mutanen da suke kiran kansu Guan, ko da yake masana harshe sun sa harsunansu a wani rukuni dabam na mazauna tsaunukan iyakar Ghana da Togo.

Tsohon harshen kuwa ya maƙale a inda ba a zata ba. Mafi daɗewar ibadar Ga ita ce Kpele, kuma waƙoƙinta ba Ga zalla ba ne. Akwai baitocin Ga, akwai na Akan, akwai kuma kalmomin tsohon Guan irin na Awutu, waɗanda masu rerawar da yawa ba sa iya fassarawa. Sun gaje su ne daga Kpeshi tare da iskokin fadamun, kuma ba su sauya su ba, domin da wannan harshe aka saba kiran masu wurin. Kpeshi sun narke cikin Ga tun ƙarnuka da suka wuce. Sunansu ya rage a kan fadamar Kpeshie da ke tsakanin La da Teshie, kalmominsu kuma a bakin matan da ke rawa da farin zane a lokacin Homowo.